Ƙyauren da ake kullewa daga ciki

Wannan jawabi ne da tafintan ofishin kariya ya yi a taron iyalai. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.



Kun saba ganina a gefen madam, ta faɗa da Faransanci, in juya muku da Hausa. Yau ta ce in yi da bakina, domin maganar ta katako ce da ƙusa, kuma ta san na yi shekaru ina riƙe wa kawuna katako yana yanka kafin in gama sakandare. Kafintocin da ke cikinmu, in na yi kuskure ku gyara mini.

Ga abin da ya kawo maganar. A cikin koke-koken da nake fassarawa, babu wanda ya kai na dare maimaituwa. Uwa ta ce ba ta barci, domin asabari ne kawai tsakaninta da waje. Yarinya ta ƙi zuwa bayi bayan magariba, domin ƙyauren ba ya rufuwa sai ta riƙe shi da hannu. Ba zan kama sunan kowa ba, masu abin sun san kansu. Ƙa'idar Sphere, wadda ƙungiyoyin agaji ke bi, ta ce bayi ɗaya kada ya wuce wa mutum 20, kada nisansa da ɗaki ya wuce mita 50, kuma ya zama ana kulle shi daga ciki. Na bayi haƙƙinku ne, in ya lalace ku kawo ƙara. Na ɗaki kuwa, da yawanmu za mu iya yin sa da hannunmu.

Mu fara da inda ake samun katako, domin nan rigima take. Don Allah kada wanda ya ɗauki gatari ya shiga gonar mutanen gari. Itatuwan da kuke gani a gonakin jihar Maraɗi ba haka kawai suka tsiro ba. Tun shekarun 1980 manoman nan suke renon tohon kututture da abin da suke kira sassabin zamani, kowace bishiya da mai ita. Gawo kuma doka ta kare shi, ma'aikatan gandun daji na iya kama mutum a kansa. Mutanen nan sun karɓe mu tun 2019, da muka fara shigowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. In kana son reshen dogon yaro, ka je ka yi sallama ka roƙa, ko ka saya.

A kasuwa za ku ga farin katako da jan katako. Fari ya fi araha da sauƙin yanka, amma abincin gara ne. Ja ya fi tauri da daɗewa. In kuɗin bai kai ba, a sayi ja don ginshiƙai biyu na ƙofa, a yi sauran da fari. Akwai kuma katakon da ake ɗora buhuna a kai a sito, wanda wani lokaci ake bayarwa in ya karye. Ku duba hatimin da ke gefensa. In kun ga HT, da zafi aka kashe ƙwarinsa, ba komai. In kun ga MB, hayaƙin guba aka yi masa. Wannan kada a yi gadon yaro da shi, kada a ɗora abinci a kai, kada a sa shi a murhu. Haka duk katakon da ke da fenti, ba a dafa tuwo da shi.

Ɗanyen itace ba ya yin ƙyaure. Yau ka haɗa shi tsaf, bayan wata ɗaya ya murɗe, sakata ta ƙi shiga. A jera shi a inuwa, ba a rana ba, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki da ɗan'uwansa don iska ta ratsa, a danne da dutse a sama, a ba shi makonni. Ko busasshen ma yana motsi: da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Saboda haka wanda ya yi ƙyaurensa da rani ya bar ɗan tsakani kamar kaurin kwabo tsakanin falankai. In ya matse su, ruwan Agusta zai sa su tura juna.

To, yanzu haɗawa. Nan nake so ku buɗe kunne.

Ku fara da ginshiƙan, domin ƙyaure mai kyau a jikin ginshiƙi mai rawa aikin banza ne. A haƙa rami kamar tsawon kamu ɗaya. Gindin da zai shiga ƙasa a babbaka shi a wuta har bayansa ya yi baƙi, ko a shafa masa baƙin mai, saboda gara. Baƙin man nan iyakarsa gindin ginshiƙi, ban da inda yara ke taɓawa, kuma ba a zubar da ragowarsa kusa da rijiya ko famfo. A sa dutse a ƙasan ramin, a tsayar da itacen, a mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana kirɓawa da taɓarya. Don ka san ya miƙe, ɗaura ƙaramin dutse a zare ka sake shi a gefensa. Zaren ba ya ƙarya.

Ƙyauren ɗaki yakan kai santimita 80 a faɗi, 180 a tsawo, amma ka auna taka ƙofar, kada ka bi tawa. Ka rage kaurin yatsa ɗaya a ƙasa don kada ya ja yashi. Ka jera falankai a tsaye, ka gicciya guda uku a bayansu: sama, tsakiya, ƙasa. Katakon sito yawanci santimita 120 ne tsawonsa, ba zai kai na tsaye ba, amma ya yi daidai da na gicciye. Wanda bai da dogayen falankai ya haɗa firam ya rufe shi da kwano, sai dai ya lanƙwashe bakin kwanon ciki, domin yana yanka kamar reza.

Kafin ka buga ƙusar ƙarshe, ɗauki igiya ka auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In sun zo daidai, ƙyauren bai karkace ba. In ɗaya ta fi, tura har su daidaita.

Sai tokare, wato falankin da ake sawa a karkace tsakanin na gicciye. Na zagaya shiyyoyi na ga ƙyamare da yawa da aka sa musu shi a juye, shi ya sa bakinsu ke faɗuwa yana sharar ƙasa. Ƙasan tokare yana gefen hinji, samansa yana gefen sakata. Ku tuna tsoho da sandarsa: a ƙasa yake kafa ta, nauyinsa ya sauka a kanta. Haka nauyin bakin ƙyaure yake sauka ta tokare zuwa hinji. In ƙyaurenka ya riga ya sunkuya, ba sai ka sake sabo ba. Cire tokaren, ɗaga bakin da dutse, mayar da shi daidai.

Ƙusa kuma a buga ta daga waje zuwa ciki. Ta zama doguwa har ta ɓullo, inci biyu da rabi ko uku, sannan a lanƙwashe tsinin a kwantar da shi a jikin katako. Wanda ke waje ba zai iya zare ta ba. In katakon mai tsagewa ne, kamar turare, ka ɗan daki tsinin ƙusar da hama ya dakushe, ka goga mata sabulu. Hinji da sakata duka su kasance ta ciki. A ganina ƙyaure ya riƙa buɗewa ciki ya fi, domin wanda ke buɗewa waje hinjinsa yana hannun kowa, kuma iska kan tara masa yashi a baki. Wanda bai samu sakatar ƙarfe ba, ya kafa maƙalai biyu masu ƙarfi a ginshiƙan, ya gicciya sanda mai kauri. Kakanninmu da haka suka kwana.

Akwai abu ɗaya da ke tayar mini da hankali, iyayena mata ku yi haƙuri da ni. Na san ba da mugunta ake yi ba. Uwa za ta tafi layin ruwa ko karɓar abinci, sai ta rufe yara a ɗaki ta sa kwaɗo daga waje don kada wani ya shiga. Ɗakunanmu leda ne da kara da zana. In wuta ta kama, kafin a nemo makulli an makara. Kwaɗo na ɗakin da ba kowa ne. In da rai a ciki, sakata ce, kuma a kafa ta inda yaro ɗan shekara shida ko bakwai zai kai hannu, a koya masa zarewa ko a cikin duhu. In yaran ƙanana ne, a bar wa maƙwabciya amanarsu. Gidan da ke da tsoho ko mai lalurar hannu, a gwada a ga yana iya buɗewa shi kaɗai.

Wurin aiki ba ya buƙatar shago. Inuwa, da kututture ko benci da ba ya rawa, sun isa. Zarto mai kaifi ya fi dakusasshe aminci, domin dakusasshe ne ke sa ka danna da ƙarfi har ya zame. Hannun da ke riƙe katako ya kasance a bayan baki, ba a gabansa ba. Da ka gama, tsince ƙusoshi ka zuba a gwangwani, falankin da ke da ƙusa a jiki ka cire ta nan take, domin yaranmu ba takalmi suke yawo. Wanda ƙusa ta soka ya wanke da ruwa da sabulu ya tafi asibiti ranar, a duba maganar allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki. Kada a cusa toka ko ƙasa a ciwon. Kayan aiki kuma a rataye su sama. Yaro na iya miƙo ƙusa ya koyi awo, amma ba a cire shi daga aji don ya riƙe katako.

Roƙona na ƙarshe ga matasa. A kowace shiyya akwai gwauruwa, akwai tsohuwa, akwai gidan da yarinya ce babba. Su ne suka fi buƙatar ƙyauren nan, kuma su ne ba su da mai buga musu. In kun gama naku ku leƙa nasu, da rana, tare da shugabar mata ta shiyya, kuma ba a karɓar komai a kai, ko kuɗi ko wani abu. Wadda aka nemi wani abu a wurinta saboda an yi mata aiki ta zo ofis, magana tana tsayawa tsakaninmu.

Ga ƙyaure nan na jingina a bayana, da gangan na sa tokarensa a juye. Baba, kai da ka ce ka yi kafinta a Isa, taso ka nuna musu yadda za a gyara shi.