An Sallamo Yaro Daga Tiyata, Saura Jinyar Gida

Masu sauraro, ga filinmu na lafiyar iyali. Ina gaida mutanen Tiga da Rantan da Kofa a ƙasar Bebeji, da na Yako da Kafin Maiyaki da Kwanar Ɗangora a Kiru, da jama'ar Tudun Wada, har can Doguwa da Burji da Riruwai.

Yau zancenmu a kan yaron da aka yi wa aiki ne, aka sallamo shi, aka dawo da shi ɗakin uwarsa. Mun saba da zarar likita ya fito daga ɗakin tiyata ya ce an yi nasara, sai a hau barka da arziki, hankali ya kwanta. Ni kuwa a ganina rabin aiki aka yi. Ragowar rabin a tsakar gida ake ƙarasa shi, a hannun uwa da kaka da goggo, waɗanda ba wanda ya zaunar da su ya koya musu.

A 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da ya bi yara 8,625 da aka yi wa tiyata a asibitoci 249 na ƙasashen Afirka 31. Kimanin 18 cikin 100 sun gamu da matsala bayan aiki, kuma wadda ta fi yawa ita ce shigar ƙwayar cuta. Wannan fa a asibiti ne, a gaban ma'aikata. To ina ga yaron da aka kai ƙauye, inda komawa wurin likitan da ya yanka shi tafiya ce ta sa'o'i?

Yaran da ake dawo mana da su ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ƙaba ko gwaiwa, wanda a kan yi wa aiki da safe a sallame shi da yamma ko washegari. Cikin 'yan kwanaki za ku gan shi yana bin awaki da gudu. Tun da na ambaci ƙaba, bari in faɗa: ta matsematsi ba ta warkewa da jiƙo ko tsaga, aiki take so, kuma yin sa da wuri ya fi jiran ranar da hanji zai maƙale. Cibiyar da ta turo kuwa, yawanci da kanta take rufewa kafin yaro ya shekara 5, ba sai an ɗaure ta da kwabo ba. Akwai kuma yaron da taifot ta huda wa hanji. Shi ne wanda ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓi, ana ta zaryar kemis, sai rana ɗaya ciki ya kumbura ya yi tauri, aka kwashe shi zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya. Wannan yakan dawo gida a rame, da dogon ɗinki a ciki, kuma jinyarsa ta makonni ce. Yawancin abin da zan faɗa, shi na fi nufi.

Jinyar gida tun a gadon asibiti take farawa. Ranar sallama ana ɗokin gida, ana ƙulle kwanuka da tabarmi, sai a karɓi takarda a cusa a jaka ba a tambayi kome ba. Baba, kai da ka sa hannu aka yi aikin, tsaya ka tambaya. Wane aiki aka yi, a rubuta maka sunansa. Zaren mai narkewa ne ko na cirewa, in na cirewa ne yaushe? Wankin ciwon, za a iya yi a asibitin Tudun Wada ko na Doguwa ko ƙaramin asibitin garinku, ko lallai sai an dawo Kano? Sannan ka nemi lambar wayar da za a kira. Ba rashin kunya ba ne tambayar likita, haƙƙinka ne. Kuma a tabbata wadda za ta yi jinyar tana wurin, ta ji da kunnenta.

Yanzu mu zo kan ciwon kansa, don nan ne kakanni ke da ƙarfi. Inna, Allah Ya ƙara girma, mun san ke kika raini uban yaron nan har ya zama mutum, amma wannan ɗinkin ba irin miki ba ne na sartse ko faɗuwa. Fata ce aka tsaga, a ƙarƙashinta akwai wani ɗinkin na tsoka, wani lokaci har da na hanji. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To bangon yaron nan a tsage yake, duk abin da aka ɗora masa ƙofa aka buɗe wa cuta. Ba toka, ba man shanu, ba man zafi, ba garin sassaƙe, ba man goge baki, kuma ba a fasa kafso a barbaɗa. Gashi da ruwan zafi, wanda muke yi wa targaɗe, a nan ɓarna ne. Abin da ɗinki ke so kaɗan ne: ya zauna a bushe, a rufe, kuma duk hannun da zai kusance shi an wanke shi da sabulu. In bandeji ya jiƙe da fitsari ko ruwa, a canza shi, kada a bari ya bushe a jiki. Wanka a kwanakin farko da tsumma mai tsabta ake yi, a goge jiki a kewaye wurin. Rafi da kududdufi da bakin dam ɗin Tiga, a haƙura da su sai likita ya ce. A yanke wa yaro farce, domin ciwo in ya fara warkewa ƙaiƙayi yake. A kwantar da shi cikin gidan sauro, ya tsira daga ƙuda da rana, ya tsira daga sauro da dare. Zazzaɓin cizon sauro a kan tiyata wahala ce a kan wahala.

Abinci kuma, a nan ne nake da ƙorafi. Sai ka ji an ce kada a ba shi ƙwai, kada a ba shi nama ko madara, wai suna sa ciwo ya yi mugunya. Ba abinci ke kawo mugunya ba, ƙwayar cuta ce. Tsokar da aka yanka kuwa da me za ta haɗe in ba da irin waɗannan ba? Yaron da aka tsare a kan koko tsura, ɗinkinsa ne ke saurin buɗewa. Kuma Allah Ya hore wa yankin nan: ga kifin Tiga, ga wake da waken suya da gyaɗa, ga zogale, ga madarar rugagen Falgore, a dai tafasa ta. Kunun gyaɗa mai kauri, awara, faten wake, dafaffen ƙwai, gwanda da lemo. Kada a cika masa kwano. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, ya fi shiga. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. In likita ya ba da wani sharaɗi saboda irin aikin da ya yi, nasa za a bi. Ruwan sha a tafasa, domin ta gurɓataccen ruwa da abinci taifot ke shiga, kuma wanda ya taɓa yi yana iya sakewa.

Wasu yaran akan sallamo su da bakin hanji an fito da shi ta gefen ciki, bayan gida na zuba a leda. Iyaye kan firgita, wasu su ɓoye yaron a ƙuryar ɗaki don kunya. Ba nakasa ba ce. Likita ya yi haka ne don hanjin da ke ciki ya huta, kuma galibi bayan wasu makonni ko watanni ake mayar da shi. Bakin hanjin ja ne jawur, mai danshi. In ya koma baƙi, a tafi asibiti. A riƙa wanke fatar da ke kewaye da ruwa mai ɗumi, a busar, a shafa abin da aka ba ku, don abin da ke fita yana cin fata. Irin wannan yaro yana asarar ruwa da gishiri sosai, saboda haka kada gidan ya rabu da ledar ruwan gishiri da sukari, a haɗa yadda aka rubuta a jikinta, abin da ya kwana ya yini a zubar.

Magani da awo ake ba yaro, gwargwadon nauyinsa, da sirinji ko murfin da ya zo da kwalbar, ba da cokalin shan koko ba. Farasitamol ba ya wuce sau 4 a kwana ɗaya, kuma a kula, magungunan mura da yawa da shi a ciki, sai a ninka ba a sani ba. Asfirin ba na yara ba ne. Tiramol da kodin kuwa, kada ma a kawo su kusa. Suna iya danne numfashin ƙaramin yaro yana barci. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma kun san kasuwa. Maganin kashe ƙwayar cuta a shanye shi har ranar da aka ce, ko da yaro ya miƙe.

Dubiya alheri ce, amma ɗaki ya cika da mutum goma, wannan na tari, waccan na ɗaga riga a ga ɗinki, ba gata ba ne. A yi addu'a daga bakin ƙofa, a taƙaita zama. Shi kuma yaron kada a ɗaure shi a tabarma. Ya tashi ya taka a tsakar gida, hakan na motsa hanji da huhu. Jan guga, ɗaukar tulu, talla, goyon ƙani da hawan keke, wanda aka buɗe wa ciki ya bar su kamar mako 6. In kuka ga ya koma fitsarin kwance, ko yana firgita da dare, ko ya maƙale wa uwarsa, tsoron abin da ya gani ne. Lallashi yake so, ba tsawa ba.

To, ku matso kusa da rediyo. Ɗan ja-ja a bakin ɗinki da ɗan ciwo da ke raguwa kullum, wannan ba kome. Amma in zazzaɓi ya taso, ko jan yana faɗaɗa, wurin ya kumbura yana wari ko mugunya; in yaro yana amai kore shar kamar ganye; in ciki ya kumbura, ba tusa ba bayan gida; in ya yini bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi ana tashinsa da ƙyar, ko numfashi na sama-sama, ba a kwana da shi a gida. Akwai wata alama da ake rainawa: ruwa mai ja-ja, kamar ruwan wankin nama, ya jiƙa bandeji sharkaf, yawanci wajen ƙarshen makon farko. Sau da yawa ɗinkin ciki ne ya fara saki. In ma ya buɗe har hanji ya leƙo, kada a tura shi ciki. A jiƙa tsabtataccen ƙyalle da tafasasshen ruwan da ya huce, a rufe, kada a ba shi ci ko sha, a kama hanya.

Hanyar kuwa kun fi ni saninta. Daga Riruwai ko Doguwa sai an ratsa Falgore, a wuce Tudun Wada, a fito Kwanar Ɗangora kafin a miƙi titin Kano, kuma ba kowane direba ne zai yarda ya shiga dajin nan da tsakar dare ba. Don haka shawarar da ta kamata a yanke da azahar, kada a bar ta sai bayan isha'i. A fara tsayawa a babban asibiti mafi kusa, su sa masa ƙarin ruwa su tura ku gaba. Maigida, tun ranar da aka dawo ka ajiye kuɗin mota a hannun uwar yaro, ka ba ta lambar direban da ka amince da shi, ka kuma ba ta izinin fita tun yanzu. Kada ka tafi kasuwa ko ci-rani wayarka a kashe, ita tana zaune da yaro a cinya tana jiran ka dawo.

Ranar komawa ganin likita a je, ko yaro na tsalle. Takardar sallama a sa ta a leda a adana, don wanda aka taɓa buɗe wa ciki, hanjinsa na iya mannewa ya toshe ko bayan shekaru, kuma likitan da zai gan shi ranar zai so ya san abin da aka yi masa.