Sanin Zuciya a Zaman Ƙungiya da Zaman Gida

Na gode da kuka bar surfe da tatsar mai kuka zo. Yau ba lissafin zubi za mu yi ba. Maganar zuciya za mu yi.

Ku dubi akwatin nan namu. Kwaɗo uku ne a jikinsa, makullan kuma suna hannun mata uku daban-daban, don kada mace ɗaya ta buɗe ita kaɗai. Wannan ya tsare mana kuɗi. To me zai tsare mana zaman kansa? A ɗan aikin da na yi da ƙungiyoyi a nan Zakirai da ƙauyukan Gabasawa, abin da na fi gani yana raba mata shi ne magana ɗaya da aka faɗa cikin fushi.

Bari in ba ku misali, ba zan kama suna ba. Wata baiwar Allah mai ƙuli-ƙuli ta ci bashin naira dubu goma ta sayi gyaɗa. Ranar biya ta zo da dubu huɗu. Ma'aji ta ɗaga murya ta ce, "Dama mun san halinki," a gaban kowa, har da kishiyarta. Matar ba ta ce uffan ba, ta ja hijabi ta fita. Ashe ɗanta ne ya yi sati a kwance, kuɗin ya tafi a magani, kunya ta hana ta faɗa. Daga baya ta sayar da akuyarta ta aiko da cikon, amma ba ta sake taka wurin taro ba, ƙawayenta biyu kuma suka bi ta. Kuɗi ya dawo, mata uku sun tafi. Ni ma ina wurin ranar, na ga idonta ya yi ja, na yi shiru. Har yau abin yana damuna.

Abin da muka rasa a ranar shi nake kira sanin zuciya. Masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, sun yi rubutu a kansa a 1990, sannan Daniel Goleman ya yaɗa shi a duniya da littafinsa na 1995. Abin da suka nuna shi ne kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai ba ya isar mutum zama da jama'a, kuma iya tafiyar da zuciya abu ne da ake koya. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shi ne iyayenmu suke nufi idan suka ce wance tana da hankali, ta iya zama da mutane. Zan kasa shi gida huɗu.

Na farko, ki san abin da yake ranki. Idan kin ji ƙirjinki yana bugawa, fuskarki ta yi zafi, tsaya ki tambayi kanki: fushi ne, tsoro ne, ko kunya? Kuma da wa nake? Sau da yawa Maigida ne ya fita bai bar cefane ba, sai haushin ya sauka a kan wadda ta makara taro.

Na biyu, ki riƙe shi kafin ya fito. Lokacin fushi jiki yana sakin wani sinadari, adirenalin, mai sa zuciya gudu, sai baki ya riga tunani. Yana lafawa idan an ba shi lokaci. Malamanmu sun karantar da mu cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya yi shiru, ya yi alwala. Ki sha ruwa, ki ja numfashi. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Amma riƙewa ba haɗiyewa ba ce har ta zama ciwo. Idan ran ya huce, ki je ki faɗi damuwarki.

Na uku, ki karanta na 'yar'uwarki. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wadda kullum take raha yau ta zauna a baya, ta zuba hannu ɗaya maimakon uku, akwai dalili. Bayan taro ki ja ta gefe ki ce, "Yaya, lafiya kuwa?"

Na huɗu, ki iya faɗin gaskiya ba tare da kin ci mutunci ba. Kada wata ta ce na hana bin bashi. Kuɗin akwati guminmu ne duka, dole a biya, tara kuma tana nan yadda muka rubuta a doka. Bambancin yana wajen faɗa. "Ba ki da amana" daban, "Inna, saura dubu shida, yaushe za ki iya cikawa?" daban. Kuma asusun taimakon gaggawa don irin rashin lafiyar yaron nan muka kafa shi, amma wadda take tsoron gori ba za ta nema ba.

Wannan ilimi bai tsaya a taro ba. Idan 'yarki ta dawo talla da kuɗi bai cika ba, tambaye ta kafin ki ɗaga hannu, wataƙila cutarta aka yi. Idan mai sayen manki ta yi ƙorafi, saurare ta, gobe za ta sake aiko yaro da kwalba. Haka da miji, haka da uwar miji, haka da abokiyar zama: ki san lokacin magana.

Irin wannan tsari namu a yankin Maraɗi ta Nijar ya faro a 1991, ƙarƙashin ƙungiyar CARE, da sunan Mata Masu Dubara. Matan karkara ne kamarmu, da kuɗinsu suka fara, yau kuma ana yin sa a ƙasashe da yawa na duniya. Babu jingina, babu ɗan sanda. Amana da iya zama da juna ne suke riƙe shi.

Ga aikin wannan satin. Kowacce ta lura da lokaci ɗaya da ranta ya ɓaci, ta gano ainihin dalilin, ta jinkirta magana. Sati mai zuwa, kafin a buɗe akwati, mai so za ta ba mu labari. Ina kuma roƙon shugaba mu ƙara doka ɗaya: wadda biya ya gagare ta, mata biyu su fara samunta a gida kafin a kawo maganar gaban taro.

Allah ya ba mu haƙuri da juna, ya sa mu ga ranar rabo lafiya, babu wadda ta ragu a cikinmu. Wassalamu alaikum.