Mutanen Walfiya da Katin Inshora: Jawabi ga 'Yan Bukuru Mazauna Kurmi



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne jiyyar waɗanda muka baro a gida, watau yadda mutumin da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Badun zai agaza wa majiyyacinsa da ke kwance a Bukuru ko Jos ba tare da ya karya jarinsa ba. Kakannin da yawa daga cikinmu kuza ce ta kai su Bukuru daga Kano da Katsina da Barno. Da kasuwar kuza ta faɗi warwas a 1985, sai 'ya'ya da jikoki suka gangaro Kurmi neman abinci, tsofaffi suka saura a can. To kowa a nan ya san yadda abin yake zuwa. Ana tsakiyar ciniki sai a bugo waya, an kwantar da tsohuwa, a aiko da kuɗi. A aika. Bayan kwana 3 an rubuta hoto da awon jini, a daɗa aikawa. Kafin wata ya mutu mai tumatir a Mil 12 ya cinye uwar kuɗi, majiyyaci kuwa bai tashi ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen magani a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa kai tsaye.

Akwai wani ofishi a manyan asibitocin gwamnati wanda yawancin mutanenmu suke wucewa ta ƙofarsa ba su san da shi ba, shi ne na ma'aikatan jin daɗin jama'a, waɗanda aka fi sani da mutanen walfiya. Wannan aiki ya samo asali ne daga Ingila, inda a 1895 asibitin Royal Free na Landan ya ɗauki wata mata mai suna Mary Stewart. Abin dariya, babban abin da aka ɗauke ta dominsa shi ne ta gano masu hali da ke shigar talakawa suna karɓar magani kyauta. Daga baya aikin ya faɗaɗa ya koma na tsaya wa marasa galihu, amma har yau wancan bincike na farko yana nan, don haka kada kowa ya yi fushi in an yi masa tambayoyi.

Ma'aikacin walfiya ba likita ba ne, ba ya rubuta magani, kuma ba shi da buhun kuɗi a ƙarƙashin tebur. Aikinsa shi ne ya zauna da majiyyaci da danginsa, ya binciki halin da suke ciki, wani lokaci har ya je gida ya gani da idonsa, sa'an nan ya rubuta wa hukumar asibiti shawara, ko a rage kuɗi, ko a yarda a biya kaɗan-kaɗan, ko a haɗa iyalin da masu taimako. Shi ne ke neman dangin majiyyacin da aka yasar, shi ne kuma ke shiga tsakani in an sallami mutum amma bashi ya hana shi fita. Shawara yake bayarwa, hukuma ke yanke hukunci, don haka ba kowace buƙata ke biya ba. Amma fa wanda bai nema ba, ba a ma san da zamansa ba.

Saboda haka in an kai naka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ka umarci mai jiyya ya tambayi babbar nas ta ɗakin da aka kwantar da shi inda mutanen walfiya suke, tun a ranakun farko, ba sai bashi ya taru ba. Ya tafi da katin asibiti da dukkan rasidai, ya faɗi gaskiyar abin da ɗan da ke Ikko yake samu. Mu mutanen Arewa muna da wata kunya mai tsada: gara mutum ya sayar da gona da a ji ya ce ba shi da shi. Kada kuma a rikita waɗannan da ofishin walfiya na Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Bukuru, wanda ya fi kula da rikicin aure da marayu da yaran da aka yasar. Duk kuwa wanda ya tare ku a bakin ƙofar asibiti ya ce a ba shi na goro zai shigar da takarda, ɗan kamasho ne.

Inda na fi ganin amfanin waɗannan ma'aikata shi ne wajen ciwon da ba mu son ambata, watau taɓin hankali da shaye-shaye. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun bar mana gwauraye da marayu da mutanen da har yau ba sa barci, ga kuma samarin da kodin da tiramol suka lalata, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Irin waɗannan ba ƙwaya kaɗai suke bukata ba, suna bukatar wanda zai zauna ya saurare su, ya kuma koya wa iyali yadda za su zauna da su in sun koma gida. Asibitin Lamingo yana da sashen masu taɓin hankali, mu na nan kuma ga Yaba a Ikko da Aro a Abekuta. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙin a mutunta shi. Mari da sarƙa ba magani ba ne.

Sai batun inshora. An kafa shirin na ƙasa da doka ta 35 ta 1999, ya fara aiki a 2005, kana a watan Mayu na 2022 aka sauya shi da hukumar NHIA, aka kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ko da yake dokar tana gaba, aikin yana biye da ita a hankali. Jihohi ma suna da nasu: PLASCHEMA a Filato, Ilera Eko a Ikko, OYSHIA a Oyo. Ga mai shakka, abin kamar adashi yake, kowa ya zuba, wanda ciwo ya kayar ya ɗauka.

A nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe, don haka ku saurara da kyau. Shirin jiha da asibitocin da ya yi yarjejeniya da su yake aiki, galibi cikin jihar. Katin da ka yanka a Ikko kada ka ɗauka zai yi wa mahaifiyarka aiki a Bukuru. Ita a Filato ya kamata a yi mata rajista, kai ka biya daga nan. Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya kuwa, katinsa ya ƙunshi shi da mata ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki, mata ta biyu da sauran yara ba sa ciki, sai an biya musu daban. Mai iyali babba ya lissafa wannan tun yau. Har ila yau mai wannan kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magunguna, kuma in ciwon ya fi ƙarfin asibitin da ya zaɓa, sai an ba shi takardar turawa da lambar izini daga kamfanin da ke kula da katinsa, in ba haka ba babban asibiti zai ce ya biya da aljihunsa.

Kafin ku biya ko kwabo, ku tambayi jami'in rajista ko asibitin da ke kusa da gidan tsohuwa yana cikin jerinsu, ku sa ya nuna muku a rubuce abin da katin ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba, musamman tiyata, wankin ƙoda, ciwon daji da kwanciya a sashen masu taɓin hankali. Ku tambayi ranar da katin zai fara aiki, domin akwai lokacin jira bayan rajista; ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar ciwo kuma ba a yankan kati. Tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara marasa hali suna da wata ƙofar, watau asusun kula da lafiya a matakin farko wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Ta ƙananan asibitocin unguwa ake shiga, guraben kuwa ƙididdigaggu ne, sai a sa wani ya je ya tambaya da wuri.

Shawarata ga shugaban taro ita ce a rubuta sunayen tsofaffinmu da ke gida kafin a watse, a naɗa mutum biyu amintattu a Bukuru waɗanda za su kai su rajista, su riƙe ranakun sabunta kati a littafi, mu kuma mu tara kuɗin daga nan sau ɗaya a shekara. Wanda ke da majiyyaci a kwance yanzu haka, ya tsaya mu gana bayan taro.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.