Cikin Dabba da Ɓarin Dabba: Jawabi ga Masu Kiwo



Jawabin yau a kan dabba mai ciki ne, da abin da ya kamata mai ita ya yi idan ta yi ɓari.

Yadda ɗan tayi ke girma

Akuya da tunkiya suna ɗaukar ciki na wata 5, wato kwana 150 ko kusa da haka. Saniya kuwa wata 9 ne da 'yan kwanaki. Binciken masana ya nuna cewa a farkon ciki gaɓoɓin ɗan tayi ne ke haɗuwa, amma shi kansa ƙanƙane ne. Yawancin girmansa sai a ƙarshe, wato mako 6 na ƙarshe ga akuya da tunkiya, wata 3 na ƙarshe ga saniya.

A wannan lokaci ne uwa ta fi bukatar abinci. Idan ya faɗo cikin rani, a ƙara mata harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da gishiri ko kanwa, da ruwa mai tsabta. Uwar da ta sha yunwa takan haifi ɗa marar ƙarfi, nononta kuma ya yi kaɗan. Irin wannan bincike na kiwo shi ne aikin cibiyar NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya.

Ɓari ba abin ɓoyewa ba ne

Dabba ɗaya na iya yin ɓari saboda yunwa ko duka. Amma idan biyu ko uku suka yi a jere, to, a yi zaton cuta. Bakkale na sa saniya ɓari a watannin ƙarshe. Tana kuma kama mutum ta hanyar ɗanyar madara, ko taɓa mabiyiya da hannu tsirara. Ciwon majina da zawo na awaki da tumaki, wanda likitoci ke kira PPR, shi ma yana jawo ɓari.

Dabbobi na cuɗanya a mashayar Tiga, da dajin Falgore, da kasuwanni. Saboda haka cutar garke ɗaya ba ta tsayawa a garke ɗaya.

Abin da mai dabba zai yi

1. Ya rubuta ranar barbara a littafi, don ya san lokacin ƙara abinci.
2. Idan an yi ɓari, ya rubuta ranar da watannin cikin.
3. Ya sa leda a hannu, ya binne ɗan tayin da mabiyiya a rami mai zurfi.
4. Ya ware uwar, kada ya kai ta kasuwa.
5. A tafasa madara kafin a sha.
6. Ya sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma da mai unguwa.

Amfanin kai rahoto

Da irin wannan rahoto ne likitoci ke gane inda cuta ta ɓulla da inda ta dosa. Sukan aika jini zuwa cibiyar Vom ta Jihar Filato, inda ake gwaji da haɗa allurar rigakafi.

Dattawa ba su manta da bushiya ba, wadda ta hallaka shanu masu yawa a 1983. Da rigakafi da sa ido aka yaƙe ta, har aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya a 2011. Yanzu ana ƙoƙarin gamawa da PPR kafin ƙarshen 2030. Mai akuya biyu ma yana da hannu a wannan aiki.

Allah ya albarkaci kiwo, ya tsare dukiyar jama'a. Wassalam.