Kwamfuta ta ce akwai kifi, masunci ya ce babu

 Yau kifi za mu tattauna, amma kar ku gudu, zancen ya shafi duk wani hasashe da ake kawo mana da sunan kimiyya.

Masana teku suna gina lissafi a kwamfuta don su hango yawan kifin baɗi. Wani lissafin abu biyu ko uku yake dubawa. Wani kuwa, irin Atlantis da aka ƙirƙira a Ostareliya, komai yake haɗawa: zafin ruwa, ƙananan halittun da kifi ke ci, wa ke cin wa, har da masunta da kasuwa. Kana gani za ka ce ai babban ya fi. To ba kullum ba. Duk abin da ka ƙara sai ka ba shi adadi, in ba ka auna ba sai ka kintata, kuskure kuma ya hau kan kuskure. Kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin JAMB na baya ne: ba shi takardar bara ya cinye, sauya tambaya ɗaya ka ga ido ya raina fata. A 2014 mujallar Oikos ta buga binciken da ya gwada lissafi iri-iri a kan bayanan yawan dabbobi da kifaye, aka tarar a hasashen 'yan shekaru kaɗan, cewa kawai "baɗi kamar bana" da wuya manyan lissafin su doke shi.

Amma fa ƙaramin ma yana yaudara. A Kanada, an daɗe ana dogaro da kamun manyan jirage wajen ƙiyasta kifin kod. Kifin yana raguwa, sauran suna cunkushewa wuri guda, jirage na cika taru, lissafi na cewa lafiya lau. Masuntan bakin gaɓa sun yi ta ƙorafi, aka share su. A Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a.

Mu dawo gida. Ga dam ɗin Guzu-Guzu a nan kusa, ga Challawa a Ƙaraye. In gobe wani ya zo da manhaja ya ce za ta faɗa mana yawan ƙarfasa da tarwaɗa, ko yaushe za a dakatar da su, ni tambaya ɗaya zan yi masa: ɓoye mata bayanan shekara uku na ƙarshe, ta hango su, mu gani in ta fi dattijon masunci. In ta kasa, kyan zanenta bai dame ni ba.

Gwajin nan kuwa sai da bayanai. Shi ya sa nake roƙon matasanmu masu zuwa bakin ruwa: littafi ɗaya, biro ɗaya, ku rubuta rana, irin kifi, kwando nawa, da inda ruwa ya tsaya. Wanda ya fara, ya ajiye mana saƙo a ƙasan wannan rubutu, mu haɗa shi da sauran.