Jawabi kan bencin jirgin ƙungiya



Kun ji abin da ya faru ran kasuwa. Bencin jirginmu ya kwance a tsakiyar tafkin Madarumfa, wata ƙanwarmu da goyo ta faɗi gefe, jirgi ya karkata. Allah ya kiyaye.

Da munka duba, bis huɗu masu riƙe bencin juyawa kawai suke, ramukansu sun cinye. Wasu sun ce a cusa tsumma a buga babbar ƙusa. Ba mu yarda ba. Ƙusa tana tsaga katako, in ta huda gindin jirgi kuwa, ruwa munka gayyato.

A fid da jirgin tudu ya bushe sarai. A soka wuƙa bakin kowane rami. Inda ta nutse, katakon ya ruɓe, sai a sake shi. Inda da ƙwari, a faɗaɗa ramin, a sassaƙa guntun ƙirya daidai shi, a shafa Araldite, a buga, ya kwana. Sannan a huda siririn rami, a murɗa bis marar tsatsa wanda bai kai kaurin katakon ba.

Kafinta ya ce kwana 3. Kafin nan yaran lakwal su zagaya da ƙafa. Masu gudummawa, a ba ma'aji kafin Jumma'a.