Tanda da Tanderun Iyayenmu Mata: Jawabi a Taron Shekara na 'Yan Tukur-Tukur



An nemi in yi magana a kan sana'ar hannu, ni kuwa na zaɓi wadda ba ta da kanti, ba ta da allo, wato toye-toye da gashe-gashen da matanmu ke yi a cikin gida. In aka ambaci Tukur-Tukur, baƙo yakan tuna da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, ko Kwalejin Barewa da ta tare a Zariya a 1949. Amma da yawa daga masu manyan riguna a wannan zaure, kuɗin littafinsu daga tanda ya fito.

Sana'a ce ta gida ɗungurungum. Maigida ya auno alkama, samari su kai niƙa, su faso itace. Uwargida ta kwaɓa alkaki ya kwana, da safe a murza, a soya, a tsoma cikin zuma ko ruwan sukari. Nakiya sai an daka shinkafa har hannu ya yi kanta. Gireba da kek kuwa, matan da ba su da injin gashi suna gasa su a tukunya, yashi a ƙasa, garwashi bisa murfi, kuma wallahi ba su gaza na kanti ba.

Matsalar tana wajen fitar da kaya. Matar da ba ta fita kasuwa ba ta da ƙafa sai ta 'yarta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, amma duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji ya san yadda bencin 'yan mata ke yin fayau da hantsi. Na sha ganin yarinya mai ƙwaƙwalwa tana gyangyaɗi a aji saboda ta yi yamma da tire a ka. Faɗa da uwar ba ya magani, domin ribar ce ke sayen sabulu, ita ce kuma ke tara kayan ɗakin yarinyar.

Ribar ma ta tsuke. Mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita daga waje take zuwa. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya ɗaga farashinta, cire tallafin fetur a 2023 ya ƙara kuɗin niƙa da na mota. Sai mace ta rage girman curi, ta ƙara wa yarinya sa'o'in yawo.

Shawarata ga ƙungiya ita ce ta kama rumfa guda a kasuwar Tudun Wada, ta damƙa ta ga baligi amintacce da zai riƙa karɓar kaya daga gidaje, yana rubutawa. Shi ne kuma zai riƙa kai su kasuwannin mako irin na Giwa da Maƙarfi, inda manomi kan so tsarabar gida in ya sayar da hatsi. Daga Maƙarfi ma sai ya sayo wa matan mazarƙwaila. Waina da funkaso ba sa jure tafiya, a bar su a unguwa. Alkaki da nakiya da dubulan da gireba su ne na hanya, in an ƙulla su da tsabta.

Ku kuma mazauna birane, gararku fa? Idan za ku aurar da 'ya, ku aiko a yi muku alkaki da nakiya a nan gida, ku biya rabin kuɗin tun farko don mace ta sami jari, kada ku ce sai bayan biki. Sharaɗi ɗaya nake roƙo a gindaya: gidan da zai shiga wannan tsari, 'yarsa ta kasance a aji har a tashi.

Na bar wa kwamiti maganar kuɗin rumfa.